Takun da Injin Ya Hana

Litinin, da hantsi, a shago

Ya amsa.

Ranar Asabar na tura takuna, na rufe shago na tafi. Yau da na kunna kwamfuta na tarar sarkinsa ya matsa gida ɗaya. Wayar Yaya a kashe take tun ranar da na faɗi wata magana ya tashi daga kan abinci ya fita, matarsa ba ta san inda yake ba, abokansa duk wanda ka tambaya sai ya hau duba farcensa. Amma ga shi ya matsar da sarki. Kenan yana da rai, yana da hannu, yana da wurin zama.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in wata rana na karanta wannan kada in ɗauka taɓuwa na yi. Ni da Yaya muna cikin gasar ces ta aika saƙo, wato darar Turawa mai sarki da sarauniya da doki. Ba zama ake yi gaba da gaba ba. Ka tura taku ɗaya a shafin gasar, abokin karawarka ya yi kwanaki yana nazari, sannan ya turo nasa. Kowa da agogonsa, kwanaki ne a ciki, kuma naka ba ya tafiya sai in kai ake jira. In ya ƙare, an cinye ka. Doka ta yarda ka tambayi injin, wato manhajar da ke lissafa wasa, kuma kowa tambaya yake yi. Ni na sa wa Yaya irin nawa a kwamfutarsa da hannuna.

Ban taɓa cin sa ba. Ni na koya masa wasan, daga wani littafi da aka kawo a yi kwafi ba a dawo an karɓa ba, amma ban taɓa cin sa ba. Wannan karon injin ya ce ni ke sama, nesa ba kusa ba.

Oga, mai shagon kwafin da nake wa aiki, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Farfesa, tunda injin ne ke tunanin, kai mene ne aikinka? Ɗan aike?"

Na ce, "Oga, tunda na'ura ce ke buga takardun, kai mene ne naka?"

Ya ce wata rana wannan bakin zai kai ni inda ba a dawowa. Na mayar da ido kan allon. Ya lura ya taɓo inda ke ciwo, ya koma yanka takarda.

Litinin, bayan na dawo gida

Umma na wanke kofuna na gaya mata. Ta saki kofi cikin ruwa.

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya matsar da sarki."

"Sarkin wa?"

"Nasa, Umma. A wasan."

"Kai Auta, ba na son shirme. Ya ce yana lafiya ko bai ce ba?"

Na ce mara lafiya ba ya gano wannan takun, shi kaɗai ne mai kyau a allon. Ta goge hannu a zani ta zauna kan bokiti a kife, ta ce in sake faɗa mata tun daga farko. Na faɗa. Ta ce in sake. Yau ta ci abinci.

Laraba, da rana

Akwai akwatin rubutu a ƙasan allo, za ka iya haɗa magana da takunka. Na rubuta: Ina kake? Na goge. Na rubuta: Umma ba ta barci, kai kuma kana can kana tura sarki kamar ba ka da uwa. Na goge. Na rubuta wani abu game da ranar da ya fita, na goge shi kafin in kai ƙarshen layi.

A ƙarshe na tura taku da kalma ɗaya: Yaya. Sai aka kira ni in kai takardu wata makaranta, na fita ban jira ba.

Alhamis, da safe

Ya amsa. Babu magana. Sarki ya sake matsawa.

To madalla, kada ka yi maganar. Ni ma ba roƙonka na yi ba.

Alhamis, da la'asar

Mutanen nan biyu da suka zo tambayar Yaya kwanakin baya sun dawo, dogon mai jaka da gajeren da ba ya zama. Sun ce daga wurin aikin Yaya suke, kamar yadda suka ce wancan karon. Ban taɓa ganin ma'aikacin sito da irin waɗannan takalman ba.

Dogon ya ce, "Ƙanena, ba wata matsala ba ce, magana kawai za a yi da shi. Yana tuntuɓarka?"

Wallahi maganar ta zo min har bakin haƙori. So nake in ce masa yau ma da safe ya tuntuɓe ni, ku kuma da jakarku da takalmanku ba ku gano ko ƙurarsa ba. Oga ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, takawa ta mugunta.

Ya ce musu, "Wannan? Ko agogo ba ya tuntuɓarsa. Kwafi nawa za a yi muku?"

Da suka fita ya ce, "Wancan karon ma da na taka ka..." Bai ƙarasa ba, amma na san nufinsa, wancan karon na saki baki a gabansu. Na ce ina da aiki.

Asabar, da hantsi

Anti, matar Yaya, ta zo ta kwashi kayan yara. Ta ce kwana biyu za ta yi a gidansu. Wanda zai yi kwana biyu ba ya ɗaukar tukunya.

A bakin ƙofa ta ce min, "An ce yayanka na yi maka magana ta kwamfuta."

Na ce ba magana ba ce, wasa ne.

Ta ce, "Wasa." Ta dube ni sama da ƙasa. "To in kun gama wasan ka ce masa ƙaramar ta fara haƙori."

Ba ta ce laifina ne ba. Da ta faɗa da na samu abin da zan mayar mata.

Litinin, ƙarfe goma da wani abu

Sai na rubuta wannan tun da zafinsa.

Na bar injin yana lissafi tun Asabar, fankar kwamfutar na kuka har Oga ya ce ko jirgi na saya. Da safe ya ba ni taku, doki ya tsare sarki. Na rubuta a akwati: Ƙaramar ta fara haƙori. Na danna. Yau ban tashi ba, ina zaune ina kallo.

Kafin in ɗaga yatsa daga kan maɓalli amsarsa ta fito.

Ba minti ɗaya ba. Ba numfashi ɗaya ba. Ko a kan cinyata yake zaune ba zai yi wannan saurin ba.

Na buɗe tarihin wasan na duba lokacin da kowane taku ya shiga. Na Asabar ɗin farko, nawa da nasa minti ɗaya. Na Laraba, minti ɗaya. Ni ne dai ban tsaya na gani ba.

Amsar ajiya ce. Duk ɗan gasa ya san ta, ni ma ina yi. In wasa ya zo inda taku ɗaya ne kawai mai ma'ana, sai ka gaya wa shafin tun da wuri: in ya yi kaza, mayar masa da kaza, in ya bi da kaza, ga kaza. Ka jera su ka tafi harkarka. Shafin ne ke amsawa da sunanka. Injin ɗinmu iri ɗaya ne, ya san abin da zai gaya min, ya jera amsoshinsa ya tafi.

Na sani. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Na karanta dokokin gasar nan kaf, har da ƙananan rubutun da ba mai karantawa. Amma na tashi na je na ce wa tsohuwa ɗanta ya amsa.

Injina ne ke hira da injinsa, ni kuma ina tsakiya ina kai gaisuwa. Oga ya yi gaskiya, ɗan aike ne ni.

Litinin, da yamma

Umma ta ce, "Ya amsa?"

"Ya amsa."

Talata, da rana

Ban taɓa allon ba.

Laraba, kafin a buɗe shago

Yaushe ya jera su? Shafin ba ya nunawa. Na duba ko'ina.

In bayan ranar nan ne, to ya fita da fushina a ƙirjinsa, ya samu wuri ya zauna ya jera min amsa. In kafin ranar ne, to ya riga ya san zai tafi tun ban buɗe baki ba, ya zauna da mu yana cin abinci yana dariya alhali takalminsa na fuskantar ƙofa. Kenan abin da na faɗa ba shi ne ya... 

Ban san wanne na fi so ba. Duk wanda na ɗauka sai ya ƙone min hannu.

Juma'a, da hantsi

Injin ya daina ba ni lambar da ke nuna wa ke sama. Yanzu cewa yake sarkin Yaya zai mutu nan da taku shida. Na jima ina mafarkin ganin wannan rubutun a wasana da shi. Na gan shi, bakina ya yi ɗaci.

Ga yadda nake. In na bi injin, amsoshin ajiya za su ci gaba da fitowa, Umma ta ci gaba da cin abinci, taku shida in cinye shi, shafin ya rufe wasan. Shi ke nan, ƙofa ɗaya da ta rage na rufe ta da kaina, har a ba ni maki.

In na zauna ban taka ba, agogona ya ƙare, a rufe wasan.

In na yi takun da bai ajiye wa amsa ba, shafin zai rasa abin faɗa, agogonsa ya fara tafiya. Kwana goma sha ɗaya ke ciki. Shafin zai riƙa aika masa gargaɗi. Ko dai ya zo da kansa ya taka, ko agogon ya ƙare a rufe wasan, ni kuma in san abin da ba na so in sani.

Kuma in ya zo ɗin fa? Daga ina zai shiga? Wa ke kallo? Gajeren nan da ba ya zama, idonsa na kan kwamfutata duk lokacin da dogon ke magana.

Na karanta littattafai sun fi nauyina a shagon nan, na lissafi, na shari'a, na kiwon kaji, duk abin da aka kawo kwafi sai na karanta kafin in miƙa. Babu wanda ya ce ga abin da ake yi.

Asabar, da azahar

Na gaya wa Oga. Ban yi niyya ba, tambayata ya yi me ya sa na yi wa wata mata kwafi talatin a juye.

Ya saurara har ƙarshe yana murza kunne, sannan ya ce, "To ka tambayi injin naka mana."

Na ce, "Injin ci kawai ya sani."

Ya ce, "Ashe ɗan gidanku ne."

Na ce ya bar ni. Ya ce shi bai san dokinku da giwarku ba, amma in yana so ya san ko akwai mutum a ɗaki, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa yadda aka saba, bokiti yake harbawa.

Litinin, da safe

Na harba bokitin.

Na sa injin ya jero min duk takun da doka ta yarda da su, daga mafi kyau zuwa mafi muni, na gangara can ƙasa. Na biyu da na uku ba su isa ba, wataƙila ya ajiye musu amsa, Yaya mutum ne mai ɗaure kaya sau biyu. Kuma ba na so ya ɗauka kuskure na yi. So nake in ya gani ya ji kamar ihu na yi masa a kunne.

Na ɗauki sarauniyata na ajiye ta a gaban ƙaramin sojansa, inda zai cinye ta a banza. Yaron da ya fara wasa jiya ba zai yi wannan ba. Lambar injin ta faɗi kamar an yanke igiyar guga. Shafin ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa ina ruwanka, da ƙarfi, har mai jiran kwafi ya waiwayo.

Ban rubuta komai a akwati ba. Na danna.

Babu abin da ya fito. Allon ya tsaya cik. Agogonsa ya fara tafiya.

Talata, da yamma

Shiru.

Laraba, da rana

Shiru. Wani ɗan rukuninmu ya aiko min saƙo wai ko hannuna ne ya zame, in kai ƙara wurin alƙalin gasa. Na ce masa ya kula da allonsa, dokinsa na tsaye ba mai tsaronsa tun makon jiya.

Alhamis, bayan na dawo gida

Umma ta tare ni a tsakar gida da tsintsiya a hannu.

"Auta, kwana nawa rabon da ka shigo kana cewa ya amsa tun ban tambaya ba?"

Na ce aiki ne ya yi yawa.

"Ni na haife ka. In za ka yi ƙarya kunnenka na hagu ja yake yi. Zauna."

Na zauna. Na gaya mata duka, amsar ajiya, sarauniya, agogo. Na jira ta yi kuka ko ta zage ni. Da ta zage ni da na ji daɗi.

Ta juya tsintsiyar a hannu ta ce, "Wato kamar mutum ya dafa abinci ya rufe ya tafi."

Na ce haka ne.

"Kai kuma kana ta ɗebo min kana cewa yanzu ya sauke."

Na ce ban sani ba da farko.

"Da farko." Ta jingina tsintsiyar. "Saura kwana nawa?"

Na faɗa mata. Ta ƙirga a yatsunta, ta shiga ɗaki. Ba ta ci abinci ba.

Juma'a, da safe

Shiru.

Asabar, da la'asar

Na tsani fankar nan. Na tsani allon nan. Na tsani wanda ya bar littafin nan bai dawo ya karɓa ba, Allah ya sa yana can yana nemansa. Na tsani masu cewa a yi haƙuri, kamar haƙuri wani abu ne da ake saya a kanti ni ne na ƙi zuwa.

Injin yana ta lissafa min yadda zan mutu bayan an cinye sarauniya. Na bar shi ya yi, aƙalla ɗayanmu na da abin yi.

Lahadi, da hantsi

Shago a rufe, amma na zo. Na duba. Na share ƙasa. Na duba. Na gyara tiren takarda da ya lalace tun bara. Na duba.

Da na bi injin, da yanzu ina da amsa uku a hannu, da Umma na cin abinci.

Litinin, da rana

Dogon ya wuce ta ƙofar shago shi kaɗai. Bai shigo ba. Ya ɗaga min hannu. Na ɗaga masa. Ban ce komai ba, ba kuma wanda ya taka ni.

Talata, da yamma

Saura uku. Umma ta daina tambaya. In na shigo fuskata take kallo, ta koma abin da take yi.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Ina cire takardar da ta maƙale a na'ura, Oga ya ce, "Farfesa, abin naka ya yi ƙara."

Na zo da baƙin tawada har gwiwar hannu.

Ya taka.

Na duba lokacin sau uku. Yanzun nan ne, ba minti ɗaya da nawa ba. Kwana tara tsakani. Hannun mutum ne.

Kuma bai ci sarauniyar ba. Tana nan tsaye a gaban sojansa kamar wadda aka manta a tasha. Wani ƙaramin soja ya ɗauka can gefen allo, wanda ba ruwansa da kowa, ya tura shi gida ɗaya. Na sa wa injin, injin ya yi tsalle, wai yanzu ni zan kashe sarkinsa nan da taku huɗu.

Abin da ya fara fitowa daga bakina zagi ne. Na ce wane irin sakarci ne wannan, an ba ka sarauniya kyauta! Oga ya ce, "Ya ci ka?" Na ce a'a. "Ka ci shi?" Na ce a'a. Ya ce, "To zagin na mene ne?"

Na zauna. Duk wanda ya sato lambar sirrinsa ya shiga, da ya cinye ta. Duk wanda ya tambayi injin, da ya cinye ta. Mutum ɗaya ne a duniya zai ga sarauniyata a banza ya kau da kai.

Akwatin rubutu babu komai. Na leƙa shi har sau nawa, kamar magana za ta tsiro.

Oga ya ce in je gida, kuma in wanke hannu kafin in taɓa masa ƙofa.

Laraba, da la'asar

Umma ta sa na faɗa mata sau biyu. Ta ce, "Wannan karon kunnenka bai yi ja ba." Sai ta yi kukan da ba ta yi ba ranar Alhamis.

Da ta share fuska ta ce, "To koma ka amsa masa yanzu, ya sake fitowa. Kuma kada ka kuskura ka cinye min shi."

Na ce ba zan ci shi ba. Amma ba zan amsa yau ba.

"Saboda me? Wani sabon iya yi ne?"

Na ce in na taka yanzu, agogonsa ne zai ci gaba da tafiya, kuma ɗan abin da ya rage masa, ko da ƙarin da ake yi bayan kowane taku, bai kai mako ba. Kwana tara ya yi kafin ya samu inda zai zauna ya tura soja ɗaya. Ban san me ya tsallake ba kafin ya kai can, ban san wa ya gan shi ba. Amma muddin ni ake jira, ba wanda ke korar sa. Ni ina da kusan wata guda a nawa.

Ta ce, "Wata guda ban ji daga gare shi ba?"

Na ce ba duka ba. Zan rage kaɗan.

"Kai? Kai da ba ka iya barin mutum ya kai ƙarshen magana?"

Na ce ni ɗin.

Ta tashi ta ɗora ruwa a wuta, tana ba ni baya ta ce, "In za ka taka ɗin, ka sake rubuta masa maganar haƙorin. Wataƙila bai gangara ya gani ba."

Alhamis, da safe

Na buɗe allon na duba. Agogona ne ke tafiya. Na rufe, na ɗauki takardun mutane.